Hannun Hagun Bisola

Fausat ta dawo daga kasuwar Sabon Gari ta tarar da 'yarta Bisola a tabarma, an ɗaure mata hannun hagu a baya da ɗankwali, fensir a na dama, hawaye yana ɗiga kan littafi. Yarinya 'yar shekara huɗu fa! Surukarta Alhaja tana gefe tana jan carbi, ko a jikinta.

Tun shigar Bisola nazare malamarta Anti Nneka ta ce bahaguwa ce, a ƙyale ta. Da hagun take zana haruffa a tiren yashi, ta bi ɗigo-ɗigo tsaf. Alhaja kuwa ta rantse jikarta ba za ta riƙe alƙalami da hannun tsarki ba. Yarinyar da ta cika musu bango da rubutun gawayi ta koma ɓuya bayan ƙofa in ta ga fensir.

Mijinta Raji ne ya fi ƙona wa Fausat rai. Mutumin da ya ƙarar da takalmi wajen zarya ƙofar gidansu, yanzu kullum amsarsa ɗaya, ta yi haƙuri, Mama ce. Haƙurin ta yi, ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba. Ran nan ma kwance ɗaurin kawai ta yi, ta goya 'yarta, sai shagonsa na atamfa a Fagge.

Ta same shi yana yanka yadi. Ta ajiye ɗankwalin a gabansa, ta nuna masa shatin ɗaurin, ta ce, "Raji, almakashin nan a wane hannu yake?"

Ya dubi hagunsa. Shi ma haka aka ɗaure shi, har yau in zai sa hannu a takarda sai ya yi gumi.

Da yamma ya durƙusa gaban uwarsa. "Mama, ni an gyara min hannu, na tsani biro har na bar makaranta. Abinci da dama za ta ci, na yi alkawari. Rubutun ki bar mata."

Washegari dai Fausat ta ga Alhaja ta miƙa wa Bisola gawayi tana harararta, wai ta zana mata harafin nan na farko ta gani. Yarinyar ta ɓoye hagunta a baya, sai da kakar ta jawo hannun da kanta.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma namijin da ya san zafin abu bai kamata ya jira sai matarsa ta tuna masa ba.