Gurbi Na Biyu a Takardar Haihuwa

Aure yakan jure talauci da ciwo da nisa. Abin da ba a tabbatar yana jurewa ba shi ne gurbi na biyu a fom ɗin takardar haihuwa.

Gurbin farko ba a yi gardama a kansa ba, sunan mahaifin mijin aka sa. Na tsakiya aka bar wa Malama, maijego, don a nuna mata adalci. Sai ta ɗauki adalcin da gaske, ta ce sunan Baba Mai Agogo take so, mijin mahaifiyarta da ya riƙe ta tun tana shekara biyu.

Surukarta ta ajiye kofin shayi a hankali.

"'Yar nan, ubanki na jini yana raye, mutum mai suna a gari. Ki tsallake shi ki ɗauko mai gyaran agogo?"

"Umma, sau uku na taɓa ganinsa."

"To ai kin gan shi."

Mijin, wanda kafin aure ya rantse zai shiga wuta dominta, ya tuna yana da mitin a ofis.

Kwana tara fom ɗin yana kan firji. Malama ba ta ɗaga murya ba. Tana shayarwa, tana gaishe da Umma, hawayenta kuma ta bar wa banɗaki.

"Haba Malamata, suna ne fa kawai," in ji mijin.

"To tunda suna ne kawai, Yallaɓai, a ba ni mana."

Sai ya tafi shagon Baba Mai Agogo don ya roƙe shi ya lallashe ta. Ya same shi da gilashi a ido ɗaya, yana tsintar ƙaramin dunƙulen ƙarfe da hantsaki. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Mahaifiyarka ta yi gaskiya. Ku sa na ubanta. Ni ban riƙe ta don suna ba. Miƙo min batir a durowar can."

A durowar, ƙarƙashin baturan, akwai katunan sakamakonta na makaranta, daga aji ɗaya har ta gama, an ɗaure da roba. Ko'ina aka rubuta "Sa hannun mahaifi", tsohon ya ja layi a kan "mahaifi" ya rubuta "mariƙi", sannan ya sa hannu.

"Baba, me ya sa kake sokewa?"

"Kujerar wani ce. Na ce ko zai dawo."

"Shekara nawa kana ajiye masa?"

"Batir ɗin, ɗana."

Daga shagon gida ya wuce, ya sauko da fom ɗin ya cike gurbin da sunan tsohon a gaban Umma.

"Umma, ki yafe ni. Wannan ba zan sake shi ba."

Umma ta yi sati uku ba ta yi masa magana ba, ranar da ta yi kuwa cewa ta yi jaririn bai sha man shafawa ba. Malama ta yi kuka, wannan karon a falo. Tsohon da ya ji ya ce sam bai kamata ba, sannan ya tambaya ko ana yin hoton takardar a babbar takarda.

Darasin a fili yake: haƙuri yakan yi nasara, musamman idan gaskiya na gefensa, kuma uba shi ne wanda ya zauna.

Mahaifin Malama na jini ma ya aiko da barka bayan wata huɗu. Rigar 'yan mata ce, ruwan hoda.