Zobba a Madaurin Agogo

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka buga wa Sufeto waya cewa an yi sata a cibiyar bincike. Ya taho yana zaton kwamfuta ce ko janareta, sai aka nuna masa wani gurbi a firji wanda bai fi babban yatsa ba.

"Kwalba guda?" ya ce. "A kan kwalba guda aka taso ni?"

Dakta, mai kwalbar, idanunta sun yi jawur. "Yallaɓai, shekara uku ce a cikinta."

Ta yi masa bayani a gurguje. Ɗige-ɗigen kwantum take haɗawa, wasu ƙwayoyi da silin gashi ya fi su kauri sau dubbai, masu jan ƙyalli in an haska su da shuɗiyar fitila. Nata duk girmansu ɗaya, abin da kowa ya gaza yi a ginin. Yau da ƙarfe huɗu za a tura kwalbar wata babbar cibiya a tabbatar da aikin, kuma ba ta da wata. Ganinta na ƙarshe da kwalbar ranar Juma'a ne da yamma.

"Mutum nawa ke da makulli?"

"Ni, da mai kula da inji, da Baba."

"Mahaifinki?"

"A'a, Farfesa. Shi ya koya mini riƙe kwalba, shekara goma sha biyu ke nan. Shi kam cire shi daga ciki."

Sufeto bai cire kowa ba. Ya samu mai kula da inji a ɗakin eksire, wani dattijo mai furfura da ke ta goge teburin da ba shi da ƙura.

"Ka zo ranar Asabar?"

"Ko ƙofar ban gani ba, yallaɓai."

Sufeto ya buɗe littafin injin ya ɗora yatsa. "To wa ya rubuta cewa ya zuba ruwan sanyaya inji ranar Asabar da azahar? Aljani?"

Dattijon ya daina goge teburin. "Na zo. Amma ban ga kowa ba."

Ya faɗi haka yana satar kallon ofishin da ke ƙarshen baranda. Can Sufeto ya nufa.

Farfesa ya tarbe shi da fara'a, har da kujera da ruwan sanyi. Ya ce Dakta tamkar 'yarsa ce, abin da ya same ta shi ya sama. Sannan ya rage murya.

"Ba na son zargi, amma dattijon nan hannunsa ya fara rawa. Ya fasa kwalbar ne, tsoro ya hana shi faɗa. Ku yi masa sassauci."

"Kai fa, ranka ya daɗe, ka taɓa kwalbar?"

"Ni? Rabona da firjin nan tun bara."

Sufeto ba ya son mutumin da ke nema wa wani sassauci tun ba a kama shi ba. Bayan azahar ya tara su ukun, ya sa aka ja labule, ya karɓi shuɗiyar fitilar. Farar rigar aikin Dakta ta yi ƙyalli, ta dattijon ma haka, wanda ba abin mamaki ba ne. Kayan Farfesa kuwa tas suke. Sai da ya ɗaga hannu zai gyara tabarau, madaurin agogonsa na fata ya yi jajir.

"Tsofaffin kwalabena na share makon jiya," in ji Farfesa yana murmushi. "Su ma ja suke yi."

"Gaskiya ne, yallaɓai," Dakta ta yi saurin cewa. "Ido ba zai bambanta su ba."

"Inji fa?" in ji Sufeto.

Dattijon ya ce a hankali, "Inji zai bambanta."

Ya wanke madaurin da ruwan magani, ya ɗura ɗigon a siririyar kwalba, ya rufe murfin injin. Ya gaya wa Sufeto cewa hasken eksire zai bugi ƙwayoyin ya warwatsu ya faɗi a allo. In girmansu ya bambanta, dishi-dishi za a gani. In ɗaya ne, zobba za su fito.

Minti ashirin suna tsaye. Dakta tana ta ba Farfesa haƙuri a kan wannan wulaƙanci.

Zobba suka fito a allon, ɗaya cikin ɗaya, tar da su. Maganar Dakta ta tsaya a tsakiya. Ta san su kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Baba?"

Farfesa ya zauna a kan kujerar dattijon. "Da an auna naki, za a nemi nawa a kwatanta. Nawa ba su taɓa ba da zobba ba. Zobban da ke cikin takardar da na yi suna da ita, da hannu na gyara su."

"Ina kwalbar?" in ji Sufeto.

"Na tuttular a wurin wanke hannu, na sake mata ruwa."

"Ni na rubuta maka godiya a shafin farkon rahotona," in ji Dakta. "Ranar Juma'a kai ka riƙe mini ƙofar firjin."

Da Sufeto ya faɗi zargin da Farfesa ya yi masa, dattijon ya sunkuyar da kai. "Na gan shi ranar Asabar, na rufa masa asiri. Ashe ni ya shirya wa gadar zare."

Sufeto ya ga cin amana iri-iri a aikinsa, amma wannan ta ɓata masa rai ƙwarai. Ya sa kofur ɗin da suka zo tare ya tasa Farfesa gaba. A bakin ƙofa mutumin ya juyo ya ce, "'Yata..."

"Farfesa," ta ce, "ana jiran ka."

Sufeto ya ɗauki siririyar kwalbar zai jefa a jakar shaida. Ya dubi agogon bango, ƙarfe uku da kwata, ya dubi Dakta da ke tsaye gaban allon ita kaɗai.

"Wannan ɗigon zai ishe su can?"

"Rabinsa ma ya isa."

Ya miƙa wa dattijon kwalbar. "Raba shi biyu, Baba, ka rubuta a littafinka na sa hannu. Kuma a yi a hankali, an ce hannunka na rawa."

Dattijon ya raba, ko ɗis bai zubar ba.