Idon Ximena Ya Yi Laushi

A satinsa na farko a kamfanin da ke haɗa na'urar karɓar katin bas a Guadalajara, Baltazar ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren C, shirin da ke aske gurbin banza daga farko da ƙarshen rubutu. Layi ɗaya tal, ya cusa komai ciki yana ji da kansa. A wurin nan aiki ba ya wucewa sai wani ya duba ya amince, nasa kuwa ya faɗa hannun Ximena, wadda tsofaffin ma'aikata ma ke shakka.

Ta dawo masa da aikin ba ta amince ba. Ya je teburinta da ƙorafi, ta ɗago ta dube shi.

"Kai ne mai layi ɗaya? Zauna." Ta ba shirin rubutun da babu komai cikinsa sai gurbi, na'urar ta sume. "Kana ja da baya kana askewa, ba ka duba ko ka kai farko. Ka faɗa gonar wani. Raba shi, ka ba kowane abu suna, mu ma 'yan Adam ne."

Ya tafi da kunya, da kuma wani abu a ƙirji. Tun daga nan in ta kama masa kuskure sai ya biya ta da birria, wato farfesun akuya, a kasuwa. Kuskuren ya ragu, cin birria bai ragu ba.

"Malamata, yau nawa kika kama?"

"Biyu, Sarkin Gaggawa. Ka ce a ƙara lemun tsami."

Kwatsam ta daina duba aikinsa, ta miƙa wa Tadeo, abokin aikinsu. Baltazar, bawan Allah, ya rame a tsaye. Shi dai a ganinsa ta gaji da shi ne. Ya daure ya tura saƙo:

"In na ɓata miki, faɗa min layin, zan gyara. Rashinki ne ba zan iya ba."

Amsa ta zo:

"Shirinka na ranar Talata ka manta sifilin da ke rufe rubutu. Na karanta, na amince, ban gani ba, sai Tadeo ya kama. Ban taɓa sakin irin wannan ba. Sunanka nake gani, ba aikin ba. Idon da ke sonka bai dace ya duba ka ba."

Baltazar ya yi ihun da ya sa duk ofis ya waigo.

Sai dai da maganar aure ta taso, mahaifiyarta, Doña Amparo, ta kafe. "Ba shi ne wanda kike dawowa kullum kina cewa ba ya duba ƙarshen aikinsa ba? Shi zan ba 'yata?"

"Mama, ai da kenan!"

Ranar da ya zo da iyayensa neman aure, ya ce, "Doña, duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ita ta gyara ni, kuma ban gama gyaruwa ba. Ki ba ni ita ta ƙarasa."

Tsohuwa ta riƙe dariya ta kasa.

Aka ɗaura aure a cocin unguwarsu, makaɗan mariachi suka cika titi. Doña Amparo ta dafa kawunansu. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka." Ta juya ga ango tana share ido. "Ɗana, riƙe min ita da kyau."