Ruwan Farko na Rijiyoyin Injiniya Ubale

Wasu talauci ne ke kai su ƙofar boka, wasu kuwa kujera. Injiniya Ubale na cikin kashi na biyu. Labarinsa ba shi da daɗin ji, amma zan ba da shi a tsanake, daki-daki, domin mai hankali ya ɗauki abin ɗauka.

Ubale haifaffen Gumel ne, injiniyan ruwa, gwanin haƙa rijiyar burtsatse. Yana zaune da mahaifiyarsa Hajiya Sabuwa, da matarsa Asama'u, da 'yarsu ɗaya tilo Juwairiyya. Ba ya cikin masu kuɗi, amma tukunyar gidansa ba ta taɓa kwana a kife ba. A shekarar 1992 ya fito takarar Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ya zagaya ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a tsohuwar Fijo, da taswira a hammata, yana nuna wa mutane inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gonakinsu. Abokin karawarsa kuwa atamfa da sabulu da gishiri ya raba. A wani ƙauyen Gagarawa wata tsohuwa ta gama sauraronsa tsaf, sannan ta ce, "Injiniya, ita wannan takardar a miya ake saka ta?"

Aka yi dariya, aka yi zaɓe, ya sha ƙasa.

Dariyar nan ta yi shekara biyar tana cin zuciyarsa kamar gara. Da aka sake kaɗa gangar siyasa a 1997, wani dillalin shanu a kasuwar Maigatari ya raɗa masa sunan boka Cindo, ya kwatanta masa hanya.

Da tsakar rana ya isa, a wani kufai can bayan iyaka. Babu gida, babu bukka, sai matacciyar rijiya a gindin busasshen gawo. Itacen bakinta duk zanen igiyar mutanen da suka daɗe da zama ƙasa. An rataye fatun awaki a rassan, wasu ɗanyu, ƙudaje sun lulluɓe su. Ungulaye na zaune a jere, ƙosassu, ko motsi ba su yi ba. Warin wurin ya sa Ubale toshe hanci da hularsa.

"Ɗan boko, cire takalmin. Kuma haɗiye sallamarka, a nan ba a yin ta," in ji wani tsamurarren tsoho da ke zaune a bakin rijiyar. Yatsu shida ne a hannunsa na dama. "Me ka zo nema?"

"Kujerar majalisa, Boka."

Cindo ya tofar da yawu. "Kujera a hannun mutane take. Zukata dubu nawa zan juya maka? Wanda ke ƙasan nan ba ya ƙidayar ƙuri'a. Dukiya yake bayarwa."

"To dukiyar nake so. In na same ta, kujerar ni zan saya da kaina."

"Kai ka faɗa."

Ya sa Ubale ya danne baƙin bunsuru, ya yanka shi ba bismilla, ya tura shi cikin rijiyar. Ubale ya kasa kunne, irin na wanda ya saba auna zurfi da ƙarar dutse. Bai ji faɗuwarsa ba. Sai Cindo ya zura wata ruɓaɓɓiyar guga, ya jawo ta cike da ruwa baƙi, mai kauri, mai yauƙi, daga rijiyar da ta shekara hamsin a ƙafe. Ya tsoma hannu ya lalubo wani zoben ƙarfe mai tsatsa.

"Ka sa a haɗe wannan da bakin ƙarfen da kake haƙa da shi. Ko a kan fa ka kafa injinka, ruwa zai fito. Aiki zai riƙa nemanka kana gudu."

"Me zan biya?"

"Ni? Ko anini. Shi ne ke da buƙata." Ya nuna rijiyar da yatsansa na shida. "Ruwan farko yake so. Duk rijiyar da ka haƙa, ruwan da ya fara fitowa nasa ne. Duk cikin da ruwan nan ya shiga, shi ma nasa ne."

Kaɗan ya rage Ubale ya yi dariya. A ƙa'idar aikinsu, in ruwa ya ɓullo sai an yi awanni ana wanke rijiya, ana zubar da ruwan laka a ƙasa, kafin a ɗora famfo. Wa zai sha taɓo? Ya ga kamar ya sami tsohon da bai san aiki ba.

"Na yarda."

"Ka yi saurin yarda, ɗan boko. Kurɓi, mu ƙulla."

Ya kurɓa. Ya yi kwana uku bakinsa na ɗanɗanon mushe.

Boka bai yi ƙarya ba. Ubale ya sa Ephraim, mai sarrafa masa injin haƙa, wanda ya zo daga Filato tun yana saurayi, ya yi wa zoben walda a bakin ƙarfe. Inda kamfanoni uku suka haƙa suka tashi a banza, shi ruwa ya tsinke masa kamar an fasa tulu. Kwangila ta riƙa zuwa daga jihohin da bai taɓa takawa ba. Kafin shekara ta zagayo ya rushe gidan ƙasa ya tayar da bene a Gumel, motoci suka cika ƙofar gida, maroƙa suka koyi sunan kakanninsa.

Sai ya fara haƙa rijiyoyin kyauta domin neman ƙuri'a. Ta farko a wata ruga ce ta yankin Sule Tankarkar, a tsakiyar rani. A nan lissafinsa ya karye. Ƙa'idar zubar da ruwan laka a takarda take, an rubuta ta a inda ruwa ba ya tsada. Mutanen da ke tafiyar rabin yini kafin su cika tulu ɗaya ba za su tsaya suna kallon ruwa na nutsewa a rairayi ba. Shanun wani makiyayi mai suna Manu suka jiyo ƙanshin danshi, suka keto da gudu. Mata suka biyo da ƙwarya, suna tacewa da bakin zane suna sha, suna ba 'ya'yansu. Ubale na tsaye, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga mai hoto ya saita na'urarsa. Ya rufe bakin, ya gyara babbar riga.

A rana ta tara shanun Manu goma sha biyu suka kumbura suka faɗi. Matarsa ta bi su, baƙin ruwa na zuba ta hanci da baki, har masu wankan gawa suka riƙa fita suna amai. Aka ce annoba ce, aka yi haƙuri.

Bayan rijiya ta huɗu Ephraim ya same shi a ofis, ya ƙi zama.

"Oga, rijiya huɗu, gawa goma sha ɗaya. Kuma duk waɗanda suka sha a ranar farko ne."

"Na kai ruwan Kano an gwada. Babu guba a ciki."

"Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Zoben nan da ka sa na liƙa, shekara guda yana cin dutse bai goge ba. Ka bar ni in yanke shi yau."

"Bayan zaɓe."

"Oga, mutane ne fa, ba kaji ba!"

"Na ce bayan zaɓe, Ephraim. Saura wata biyu."

Ephraim ya ajiye makullin injin a kan tebur. "Da hannuna na haƙa su. Wannan zan kai wa Allah ni kaɗai. Amma ta biyar ba da ni ba."

A nan ne nake jin ƙyamar labarin nan. Kafin wannan rana ana iya cewa Ubale wawa ne da aka yaudara. Daga wannan rana kuwa yana sane. Ya ɗauki wani mai injin, ya ja igiya a kewayen wurin aiki don a ce ya yi wani abu, alhali ya san igiya ba ta tare ƙishirwa. Ya haƙa ta biyar da ta shida. Yakan je gaisuwar mutuwa da buhun shinkafa, da hotonsa manne a jikin buhun.

Zaɓen 1998 ya zo. Mutane suka karɓi atamfarsa, suka dangwala wa wani. Magana ta riga ta zagaya rugage da kasuwanni cewa ruwan Injiniya na da mai shi. Da aka rushe wancan shirin mayar da mulki ga farar hula aka sa sabon zaɓe a farkon 1999, ya sake fitowa. 'Yan kwamitinsa suka zaunar da shi.

"Yallaɓai, ƙishin-ƙishin ɗin nan ne ke kayar da mu. Ka haƙa ɗaya a ƙofar gidanka, ka sha a gaban jama'a, bakin kowa ya mutu."

Ya yi shiri irin na injiniya. Ya sa aka haƙa rami a bayan gida, aka ja bututu domin ruwan farko ya zube can, ya sa 'yan gadi biyu, ya ce ko akuya kada ta matso. Shi sai washegari zai sha, bayan an wanke rijiya. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai gaya wa mutanen gidansa dalili ba, don faɗar dalili tona asiri ne.

Ruwa ya ɓullo da hantsi. Makaɗa suka ɗauka, Ubale na ƙofar gida yana ɗaga wa jama'a hannu. Da ya shigo canza riga, ya tarar da Hajiya Sabuwa zaune a tabarma da ƙwarya a gabanta, leɓenta a jiƙe. Juwairiyya na gefenta tana goge baki da mayafi.

"Hajiya, wannan ruwan daga ina?"

"Daga bayan gida mana. Yaran nan naka har da cewa an hana. Na ce uban wa zai hana ni a gidan ɗana?" Ta yi murmushi. "Mu a gidanmu, in ɗa ya haƙa rijiya, uwa ke fara sha ta sa albarka. Ka yi ta haƙa wa bare ban samu ba, yau Allah ya kawo ƙofata. Da ɗan laka-laka, amma ruwan ɗana ne. Allah ya yi maka albarka."

"Baba, ni ma Hajiya ta ba ni, wai in yi farin jini kamarka," in ji Juwairiyya. "Inna ce kawai ba ta sha ba, tana azumi."

Ko takalmi bai tsaya nema ba ya faɗa mota. Ya sami Cindo a inda ya bar shi, yana fiɗar bunsuru.

"Boka, ka karɓi benen, ka karɓi motocin. Uwata ce da 'yata!"

"Matar Manu daga icce ta faɗo? Mutum nawa aka binne ba ka zo ba, sai yau ka gane hanya?" Bai ko ɗago kai ba. "Ni sunana boka, kowa ya san abin da nake. Kai kuwa da hotonka kake zuwa ta'aziyya. Tashi ka ba ni wuri, kana kore mini ungulaye."

Ya kai su asibiti a Kano, likitoci suka duba ba su ga komai ba. A rana ta tara Hajiya Sabuwa ta cika da safe, Juwairiyya da la'asar, dukansu da baƙin ruwan nan. Asama'u ce ta riƙe kan 'yarta har ta daina motsi.

Za ka zaci nan zai tsaya. Saura kwana shida zaɓe, kuma bai janye ba. A tabarmar makoki aka gan shi ya karkata yana yi wa wakilansa raɗa a kan rumfunan zaɓe, har ɗayansu yana cewa ƙuri'ar tausayi za ta yi amfani. Asama'u na bayan labule, ta ji. Ta fito ba mayafi, ta ɗauki taɓarya, ta bi randunan gidan da tuluna ɗaya bayan ɗaya tana fasawa, tana dariya. Daga ranar ba ta sake gane kowa ba. 'Yan'uwanta suka tafi da ita Gagarawa a ɗaure.

Aka yi zaɓe. Ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba.

A makon da ya biyo baya bakin ƙarfen haƙa ya karye a can ƙasa, zoben ya tafi da shi. Kwangiloli suka tsaya cak, rijiyoyin da ya haƙa suka koma fitar da ruwa mai ɗoyi, aka bi su ana toshewa da siminti. Shi kansa Ubale, duk ruwan da aka miƙa masa sai ya ji warin kufan nan. Ranar wata Alhamis aka gan shi a kasuwar shanu ta Maigatari, leɓensa a tsattsage, ya hau kan kwamin shayar da dabbobi yana yi wa shanu jawabi, yana alkawarin famfo a kowace unguwa. Wata mai fura ta ji tausayinsa ta miƙa masa ruwa a ludayi. Ya karɓa, ya kai hanci, ya watsar, ya fashe da kuka. Bai ga damina ba.

Ina roƙon mai karatu, musamman matasa masu ilimi da buri, ku tsaya ku yi tunani. Faɗuwa zaɓe ba abin kunya ba ne. Mutanen kirki da yawa sun faɗi, sun koma gida sun tarar da iyayensu da 'ya'yansu da rai. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba ya karɓar abin da ka ga za ka iya rabuwa da shi. Duk wanda ya yarda 'ya'yan wasu su biya masa burinsa, to ya sani layi ne, kuma gidansa na cikin layin. Allah ya raba mu da kwaɗayin da ke sa mutum ya ga gawa ya ce bayan zaɓe.