Abin da Muka Bari a Cikin Vuga

Rana na shirin faɗawa teku Kyaftin, shugaban mahaƙa, ya tare ni a bakin ramin kuza. "Jory, sauka zurfin gaba tamanin ka dubo mana ko ruwa ya hau." Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya san shekara guda ke nan ban taka wannan hanya ba, tun ranar da dutse ya rufta tsakanina da yayana Digory.

Na manna kyandir a hula da yumɓu, na saɓa diga, na kama tsani.

Mu mahaƙan Cornwall muna da kalmar da malaman birni, duk da tulin littattafansu, sai sun zo sun tambaye mu: vuga. Kana cikin saran dutse mai tauri sai diga ta zurma cikin fanko, ɗaki wanda ba wanda ya haƙa, ba ƙofa ba taga. Shi ne vuga. Kakata ta ce daga tsohon harshenmu kalmar ta fito, ma'anarta kogo. Harshen ya bi tsofaffi kabari, ita kuwa ta tsira don ta ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. A irin waɗannan ɗakuna, in ji ta, mutanen ɓoye suke zama, Masu Ƙwanƙwasa. In sun buga, gargaɗi ne. Ka ajiye musu gefen gurasarka, ka yi ta kanka.

Abin da muka yi ke nan bara. Kwana biyu muna tonon ɓaraguzai muna neman Digory. A na uku muka ji bugu, ba daga inda ya rufta ba, daga bangon hagu, dutse zalla inda ba hanya. Tsoho Hannibal, wanda ya fi kowa daɗewa a rami, ya damƙi wuyan rigata. "Su ne. Wata ruftawar na tafe. Ɗan nan, in so kake uwarku ta rasa biyu, tsaya." Na ajiye gurasa. Na gudu. Washegari aka rufe hanyar, aka ce wa matarsa Loveday ta yi haƙuri.

Yanzu ga ni a wurin, ni kaɗai. Ruwa bai wuce idon sawu ba. Warin ruɓaɓɓen katako, warin tsatsa, warin kitsen kyandir. Ramin ya shige ƙarƙashin teku, can sama ga ta tana gurnani a kan dutse.

Na juya zan tafi.

Ƙwas. Ƙwas.

Bangon hagu.

Na tsaya cak. Na ce ɗigar ruwa ce. Amma ruwa ba ya hutawa kamar mai jan numfashi, sannan ya sake.

Ƙwas.

Ban san abin da ya hana ni gudu ba. Kunya ce, ina jin. Na ɗaga diga na sara. Sara na huɗu ta zurma.

Iska mai sanyi ta huro mini a fuska, busasshiya, mai warin tsohon ƙyalle. Na faɗaɗa ramin, na leƙa. Ɗaki ne ɗan ƙarami, duwatsu masu ƙyalli sun tsiro ko'ina kamar fasasshen gilashi. A can ƙurya ga wata tsaga, daidai rarrafen mutum, ta ɓangaren da ya rufta.

Yana zaune, ya jingina da bangon da na fasa. Na gane rigar Digory. Guduma na kan cinyarsa, cikin ƙasusuwan yatsu.

Hannun bai motsa ba.

Ƙwas.

"Yaya?" na ce, murya ƙasa-ƙasa.

Harshen kyandir ya kwanta, ya koma shuɗi.

"Jory." A gefen kunnena, ba fushi a ciki ko kaɗan. "Na ji muryarka a ranar. Na ce ƙanena na nan."

Kyandir ya mutu.

Da lalube na sami tsani. Na hau, na zame, na fasa haɓa, na sake hawa. Bugun na bina daga ƙasa, a hankali, har na ga hasken fitilar bakin rami. A nan na kife ina kuka kamar jariri.

Da safe muka fito da shi. Na auna kaurin bangon da hannuna, bai kai kamu ɗaya ba. Hannibal bai sake sauka rami ba har ya mutu. Ni kuwa duk inda na ji bugu sai na sara, ko da kowa ya gudu.

Bayan an binne shi na kai wa Loveday gudumarsa. Ita ma fasa duwatsun kuza ne aikinta tun tana budurwa.

"Jory, gaya mini. Ya sha wahala?"

"A'a, Yaya Loveday. Nan take ya cika."

Ta juya gudumar a hannunta, ta shafa kan ƙarfen da ya dakushe, ta dubi ƙotar da ta tsage.

"Sabuwa ce ranar da ya fita da ita," ta ce. "Wanda ya mutu nan take ba ya cinye guduma haka."