Takardar Gidan su Barira

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, ba na son kuka.

Barira mai buga takardu ce a wani ɗan shago cikin kasuwa. Wani mutum ya fito ya ce gidansu nasa ne. Alƙali ya ce su kawo takardar gida ranar Litinin, in ba haka ba su kwashe kayansu. Takardar kuwa gara ta cinye ta tun bara. Hotonta kawai ya rage, wanda Barira ta taɓa ɗauka ta adana a kwamfutar shagon. Kwana uku tana rubuta "takardar gida" a wurin bincike, kwamfutar tana cewa babu. Innarta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, har ta fara ɗaure kaya a zani.

Ranar Juma'a da rana tsaka maza duk suka tafi masallaci. Kasuwa ta yi tsit. Barira ta kifa kai a tebur tana kuka, kuka na gaske har da majina.

"'Yar Malam Sa'adu."

Ba ta ji sallama ba. Wani tsoho ne a tsaye da farar riga, yana warin jiƙaƙƙen bangon ƙasa.

"Sannu Baba. Yau ba na aiki."

"Ba aiki na kawo ba. Inda kike nema ba nan take ba. Buɗe saitin bincike."

Sai leɓensa ya gama motsi sannan muryar take isowa. Ta lura sarai. Amma ranar Litinin za a fitar da uwarta titi, ina ta ga ta tambaya? Ta buɗe.

"Ke kika hana ta duba ko'ina," in ji tsohon. "Wuri biyu kawai kika ba ta."

Gaskiya ne. Ita ta taƙaita binciken tun da daɗewa don kwamfutar ta ƙara sauri, ta manta. Ta ƙara mata tsohuwar ma'ajiyar hotuna cikin wuraren dubawa.

"Ce mata ta duba har abin da aka ɓoye."

Ta danna. Fanka ta tsaya cak, an ɗauke wuta. Kwamfutar ba ta mutu ba, alhali ba ta da batir.

"Bar neman suna, ba ki sa mata suna ba. Neme ta da kwanan wata. Kwana tara bayan rasuwar babanki."

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Rubuta."

Ta rubuta. Sai ga takardar nan, da hatimi da sa hannun mahaifinta. Injin bugawa ya tashi da kansa ya fito da ita. Barira ta durƙusa za ta yi godiya, a nan idonta ya sauka a ƙafafunsa. Diddigen ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Ko addu'a ɗaya ta kasa tunowa.

"Me... me zan ba ka?"

"Ba don ke na yi ba. Mutumin nan rushe gidan zai yi ya gina shaguna. Ina za ni da iyalina?"

"Iyalinka?"

"Mun riga kakanki zama a gidan. Ki gaya wa innarki ta daina watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bismillah. Ke kuma ki riƙa matsawa jikin bango in kin kwanta. Kina danne mini 'ya."

Ta ɗaga kai. Babu kowa.

Ranar Litinin alƙali ya bar musu gidansu, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Barira ta so su tashi, wallahi ta so, amma da wane baki za ta gaya wa tsohuwar dalili? Har yau a ɗakin take kwana, a takure jikin bango, rabin katifa a sake. Da safe in ta taɓa wancan rabin, da ɗuminsa.

Kada in ji ɗayanku ya zauna shi kaɗai a kasuwa ranar Juma'a da rana tsaka. Ku tashi ku kwanta. Kowa ya matsa jikin bango.