Ɗa Ɗaya, Maman Biyu

"Ajiye jakar nan, Yaya."

Maman Biyu ba ta ɗaga murya ba. Ta dai sauke ƙafa daga keken ɗinki, ta je ta tare bakin ƙofa. Yaya, babbar yayar Kafinta, har ta gama cusa kayan Baƙuwa a jaka. Wai an yaye yarinya, aikin mai shayarwa ya ƙare, za ta tafi da 'yar ƙaninta, an gode.

An gode! Sai ka ce tabarma aka ara.

Ɗa ɗaya tak Maman Biyu ta haifa, wata biyu bayan rasuwar mijinta. Tana cikin jego matar Kafinta, maƙwabcinta na ƙofa da ƙofa, ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririyar da ta ƙi madarar gwangwani ƙememe. Ranar da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da 'yar a hannu, ko kukan 'yar ma ya daina fita. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta karɓa ta sa mata nono. Shekara biyu ke nan, ɗaya a baya ɗaya a cinya, keke na ta gudu. Unguwa ta raɗa mata Maman Biyu, ita kuma ta raɗa wa 'yar Baƙuwa.

Shi kuwa Kafinta, bawan Allah, nauyin baki gare shi. Ya ƙera gadon yara mai gurbi biyu, ya gyara mata teburin yanka sau uku alhali tebur lafiyarsa ƙalau. Sai makon jiya Allah ya buɗe bakin, ya ce yana sonta, idonsa a kan takalminsa. Ita ma ta daɗe tana sonsa, kuma ba ta ɓoye ba.

Da maganar ta kai kunnen Yaya sai ta saka salati. Wai nono ya shiga tsakani, an zama 'yan'uwa, aure ya haramta. Dangi suka ɗauka suka yi ta yayatawa, babu wanda ya ɗaga ƙafa ya je ya tambaya.

"Ba ki jin kunya?" in ji Yaya. "Ki shayar da 'ya, ki dawo ki auri uban?"

"Kunyar me? Na je na tambayi malamai, Yaya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Nonona ya mai da Baƙuwa 'yata, ya mai da ita ƙanwar ɗana har abada. Bai haramta mini ubanta ba."

Yaya ta ce ita dai ba ta taɓa ji ba, kuma me mutane za su ce. Nan ran Maman Biyu ya ɓaci sosai. Ta ce mutanen nan suna ina lokacin da yarinya ke zazzaɓin haƙori? Suna ina lokacin da nono ya tsage har jini, ta cije leɓe ta ci gaba da bayarwa? Hawaye ya zubo mata, ta ƙi sharewa.

Kafinta na tsaye a baranda tun ɗazu, garin katako har gashin gira. Yayar nan ita ta raine shi, bai taɓa musa mata ba. Maman Biyu ta juya ta dube shi. In ya yi shirun da ya saba, yau ta rasa 'ya ta rasa miji.

"Baban Baƙuwa... ka yi magana."

Ya shigo a hankali, ya durƙusa gaban yayarsa, ya zare jakar daga hannunta.

"Ki yafe mini, Yaya. Ke kika raine ni, ba kuma ke kika haife ni ba. Da wani ya zo da jaka a lokacin... za ki ba shi ni?"

Hayaniyar ta ta da Baƙuwa daga barci. Ta taho tana tangaɗi, ta wuce gwaggonta, ta wuce ubanta, ta kama zanen Maman Biyu tana cewa Mama.

Yaya ta daɗe tana kallonsu. Can ta ja tsaki, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ita fa ba za ta sa ɗinkin kowa ranar ɗaurin auren ba sai na amarya, kuma kada a kuskura a matse mata hannu.

Maman Biyu ta saɓa 'yarta a kafaɗa, ta ɗauko tef ɗin awo.

"Ɗaga hannun, Yaya."